Haƙurin Iyaye, Haƙƙin Ɗa

Babu kalmar da muka fi furtawa a gaban mai jinya kamar "sai haƙuri". Da ita muke gaida uwar da ta kwana zaune a bakin gadon asibiti, da ita muke sallamar uban da ya kai tunkiyarsa kasuwa don a yi wa ɗansa ƙarin jini. Kalma ce mai kyau, kuma mun gaje ta daga mutanen da suka fi mu sanin wahala. Amma akwai tambayar da ba mu cika yi wa kanmu ba. Idan yaro ne yake ciwo, kuma ciwon na tsawon rai ne, har ina haƙurin iyayensa ya kamata ya kai? Shin ya haɗa da yin shiru a gaban likita, da malamin makaranta, da dangin miji? Ko kuwa akwai inda shirun yake tashi daga haƙuri ya koma tauye haƙƙin yaron?

Za mu bi wannan tambaya ta kan ciwo guda ɗaya, wato sikila, wanda iyayenmu suke kira amosanin jini. Duk wanda ya taso a Rano ko Kibiya, ko ƙauyukan da ke kewaye da su, da wuya a ce bai san gidan da ake da mai shi ba, ko a danginsa ko a maƙwabtansa.

Ciwon da yake zama ɗan gida

Ƙwayar jan jini ta mai lafiya zagayayya ce, mai laushi, tana ratsa ƙananan jijiyoyi ba tare da wahala ba, kuma tana yin kimanin kwana 120 kafin jiki ya sauya ta. Ta mai sikila kuwa, da zarar iskar da take ɗauke da ita ta ragu, sai ta tanƙware kamar lauje, ta yi tauri, ta riƙa maƙalewa a hanya. Ba ta kuma wuce kwana 10 zuwa 20. Daga nan duk wahalar take fitowa. Mutuwar ƙwayoyin da wuri ita ke kawo ƙarancin jini da rawayar ido. Toshewar jijiyoyi ita ke kawo ciwon ƙashin nan mai sa yaro birgima, da kumburin hannu da ƙafa tun jariri yana wajen wata shida. Saifa, wadda take tace ƙwayoyin cuta daga jini, tana lalacewa tun yaro yana ƙarami, shi ya sa zazzaɓin da wani yaro zai warke da kansa yake iya kashe mai sikila cikin yini guda. Idan kuma toshewar ta faru a ƙwaƙwalwa, sai ɓarin jiki ya shanye.

Wani rahoto na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da irin ciwon a jininsa, wato AS, kuma ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu sikila a ƙasar kowace shekara. Akwai kuma binciken da ya fi kusa da mu. Tsakanin 1969 da 1976 an gudanar da babban nazari kan zazzaɓin cizon sauro a ƙasar Garki, wadda a lokacin take cikin jihar Kano, yanzu kuma tana Jigawa. Da aka auna jinin mutanen ƙauyukan, sai aka tarar kimanin jarirai biyu cikin ɗari SS ne. Da aka duba manyan yara da magidanta kuwa, masu SS sun kusa ƙarewa. Sikila ba a warkewa da girma. Rasuwa suka yi, yawancinsu kafin su cika shekara biyar, ba tare da an san sunan abin da ya ɗauke su ba. Wasu aka ce wabi ne, wasu aka ce iska.

Daga wancan lokaci zuwa yau abubuwa da yawa sun canja. A 1986 wani bincike a Amurka ya nuna cewa ba wa ƙananan yara masu sikila fenisilin safe da yamma yana rage musu mugun ciwon da ke shiga jini da kashi 84 cikin ɗari. Aka samu allurar rigakafin ciwon huhu, aka samu maganin da ake kira haidroksiyuriya, wanda yake rage yawan tashin ciwon. A Ingila da Amurka yanzu fiye da tara cikin goma na irin waɗannan yara suna kai shekarun girma. Ana ma iya raba mutum da ciwon baki ɗaya ta hanyar dashen ɓargo, wanda aka fara yi a Najeriya a 2011 a asibitin koyarwa na Benin, ko ta sabon maganin gyaran ƙwayar halitta da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, wanda kuɗinsa ya haura dala miliyan biyu. Manomin Rurum ko na Tarai ba ya cikin wannan lissafi na ƙarshe. Abin da hannunsa zai iya kaiwa shi ne gidan sauro, da folik asid, da allurar rigakafi, da yawan shan ruwa, da rigar sanyi a hunturu, da zuwa asibiti a ranar da aka rubuta. Waɗannan ƙananan abubuwa su suka fi ceto rayuka, kuma kowannensu yana buƙatar mutumin da zai tuna, ya tambaya, ya koma.

Inda kunya take tsada

Mu mutane ne masu kunya, kuma muna alfahari da ita. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta nuna damuwa a kansa idan surukai suna wurin. Uba kuwa idan aka tambaye shi jikin yaro, "da sauƙi" zai ce, ko da daren jiya ba wanda ya runtsa a gidan. A kan wannan kunya ta gida sai a ɗora ta waje, wato ta mutumin ƙauye a gaban mai farar riga, wanda yake magana da abokin aikinsa da Turanci, yake rubutun da ba ya karantuwa. An koya mana cewa yawan tambaya rashin ladabi ne, ja da masani kuwa fitsara ce.

A yawancin al'amuran rayuwa wannan tarbiyya ita ke riƙe da zumunci. A kan yaro mai sikila kuwa akwai lokutan da take da tsada, kuma ana iya lissafa su. Zafin jikin da ya kai 38.5 a ma'auni abin gaggawa ne. Uwar da ta ji nauyin tashin maigida da tsakar dare, ko ta zauna a ƙarshen layi ba ta gaya wa kowa ɗanta mai sikila ne ba, tana iya asarar sa'o'in da ba su dawowa. Saifa tana iya kumbura farat ɗaya ta tara jinin yaro a cikinta, ya yi fari fat, jikinsa ya saki. Uwar da aka koya wa taɓa gefen hagu na cikin ɗanta ita take fara ganewa kafin kowane likita. Yaro namiji yana iya samun miƙewar gaba mai ciwo wadda ta ƙi kwanciya, kuma idan ta wuce awa huɗu tana iya nakasa shi har abada. Wannan shi ne ciwon da yaro ya fi ɓoye wa iyayensa, su ma suka fi jin nauyin faɗa wa nas. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Misalin da ya fi kowanne shi ne na shanyewar ɓarin jiki. Akwai na'urar da ake kira TCD, wadda ake ɗora wa yaro a gefen kai, gaban kunne, ta auna saurin gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Ba allura, ba ciwo, kuma shawarar masana ita ce a riƙa yi sau ɗaya a shekara daga shekara 2 zuwa 16. Idan gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron yana cikin haɗari, domin kimanin ɗaya cikin goma na irinsu jikinsu yana shanyewa cikin shekara guda idan ba a ɗauki mataki ba. A ƙasashe masu arziki ƙarin jini ake yi musu duk wata, abin da ya fi ƙarfin yawancinmu. A nan gida aka gwada wata hanyar. Likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Murtala Muhammad, da na Barau Dikko da ke Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun bi yara 220 masu irin wannan haɗari, kuma sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa ko ƙaramin awo na haidroksiyuriya a kullum yana kare su ƙwarai. An yi wannan aiki ne a wurin da bai kai tafiyar awa biyu daga Rano ba, idan aka bi ta Bunkure. Sai dai na'ura ba ta zuwa ƙofar gida ta yi sallama. Yaron da zai amfana da ita shi ne wanda wani nasa ya buɗe baki ya ce, "Likita, mun ji akwai gwajin kai da ake yi wa masu sikila, a ina za mu samu?"

Haƙƙin wa ake yafewa?

Me ya sa muke ɗaukar shiru a matsayin nagarta? Domin mun saba auna haƙuri a kan abin da yake namu. Idan wani ya ci bashinka ka yafe, ka yi abin yabo. Idan an gaya maka baƙar magana a ofis ka haɗiye, ka kama girmanka. Haƙƙinka ne, kana da ikon barinsa. Amma malaman fiƙihu sun daɗe da bambance wannan da halin waliyyi. Wanda yake riƙe da dukiyar maraya ba shi da ikon yin kyauta da ita, ko yafe bashin da yaron yake bi, komai kyawun zuciyarsa. Duk abin da zai yi da ita sai ya zama maslahar mai ita. Karamcin da ake yaba wa mutum a kan dukiyarsa, idan ya yi shi da dukiyar maraya sunansa cin amana.

Idan haka hukuncin gona da awaki yake, ina ga jini da ƙwaƙwalwa? Amsar tambayar da uwa ta ji nauyin yi wa likita haƙƙin yaron ce. Maganin rage raɗaɗin da uba ya ji kunyar sake nema haƙƙin yaron ne. Iyaye suna da ikon yin haƙuri da gajiyarsu, da kuɗin motarsu, da kallon rainin da wani ya yi musu a bakin ƙofa, kuma Allah zai ba su ladan hakan. Ciwon da ke jikin wani kuwa ba su da hurumin yin haƙuri da shi, domin ɗan shekara huɗu bai wakilta kowa ya yafe a madadinsa ba. A nan ne muke ganin ya kamata a raba abu biyu da muka daɗe muna kira da suna ɗaya: jure abin da ba shi da magani, da barin abin da yake da magani saboda jin nauyin mutane.

Za a ce ai komai ƙaddara ne, kuma wanda kwanansa ya ƙare ba likitan da zai ƙara masa. Gaskiya ne. Amma mu tuna labarin Nana Hajara, wanda kowane alhaji yake maimaitawa da ƙafafunsa. Da Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya bar ta da jaririnta Isma'ila a kwarin da ba ruwa ba shuka, ta gane umarnin Allah ne, ta sallama. Da ruwan ya ƙare yaron ya fara galabaita, ba ta zauna ta rafka tagumi ba. Ta hau Safa ta duba, ta sauko ta yi gudu ta hau Marwa, har sau bakwai. Ruwan Zamzam kuma bai fito a kan duwatsun da ta hau ba, a wajen yaron ya ɓuɓɓugo. Darasi biyu ke nan a haɗe. Gudun uwa don ɗanta bai warware tawakkalinta ba, har ma an mayar da shi ibada har tashin duniya. Sannan sakamakon ba daga gudun ya zo ba. Saboda haka iyayen da suka yi iya ƙoƙarinsu kuma yaron ya rasu ba su gaza ba, kuma kada wani ya ɗora musu laifin da ba nasu ba. Abin da aka ɗora musu shi ne sa'ayin.

Mai uwa a gindin murhu

Akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Likita ɗaya ne a gaban layin da ba a ganin ƙarshensa, nas ta kwana a tsaye, abokan aikinsu da yawa sun tafi ƙasashen waje. Idan kowane uba zai ɗaga murya, ɗakin jinya zai koma kasuwa. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne tambayar wane ne ma yake iya magana. Ma'aikacin gwamnati mai lambar wayar wani babba yana iyawa. Matar da ta fito daga Durba ko Zurgu da goyo a baya, ba ta taɓa shiga aji ba, ita fa? Idan gado ɗaya ya rage, ko ledar jini ɗaya, kuma mai baki ya samu, to ɗan marar baki ne ya rasa. Ashe kiran iyaye su tsaya wa 'ya'yansu ba zai ƙare a ƙarfafa wanda dama uwarsa take gindin murhu ba?

Amsarmu ita ce a bambance bayani da alfarma. Alfarma tana tura yaro gaban wanda ya fi shi galabaita. Bayani kuwa yana ƙara wa likita sani ba tare da ya rage wa kowa komai ba. Akwai ma'auni mai sauƙi da za mu gwada kanmu da shi: za mu so duk iyayen da ke layin su yi abin da muke shirin yi? Idan kowa ya kira wani babba a waya, asibitin ya rushe. Idan kuwa kowace uwa ta iso ta ce, "Sista, ki yi haƙuri, ɗana SS ne, zazzaɓin ya fara tun la'asar, yana numfashi sama-sama, an yi masa ƙarin jini sau biyu a baya," to aiki ya yi sauri, kuma an fi gane wanda ya kamata a fara gani. Ƙaramin littafin rubutu da aka ajiye awon jinin yaro na lokacin da yake lafiya, da ranakun ƙarin jini, da sunayen magungunansa, ya fi kowace lambar waya amfani. Wadda ba ta iya boko ba, ɗanta babba ko maƙwabci yana iya rubuta mata. Duk wannan ba ya buƙatar tsawa. Ana iya durƙusawa a gaida likita, a ce masa ranka ya daɗe, sannan a ƙi tashi sai an fahimci abin da ya faɗa.

Akwai kuma shaidar da iyaye kaɗai suke iya bayarwa. Ciwon sikila ba ya fitowa a na'ura. Ƙaramin yaro ana cewa ya cika raki, saurayi kuma ana yi masa kallon ɗan ƙwaya idan ya nemi maganin da ya san yana yi masa aiki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: uwar da ta san ɗanta ba ya kuka sai abin ya kai maƙura ita ce za ta faɗa. Ita ce kuma ya kamata ta hana a riƙa sayo allurar kashe ciwo a kemis ana yi masa a gida ba da sanin likita ba, domin nan ma akwai rami.

Game da matar da ba ta da baki, mafita ita ce masu baki su yi magana da yawun kowa. Iyayen masu sikila a gari ɗaya suna iya sanin juna, su haɗa kuɗin mota ranar zuwa Kano, su koya wa sabuwar uwa taɓa saifa, su je wajen kansila da shugaban ƙaramar hukuma da masu sarauta su nemi a kawo gwaji da magani kusa. Ranar 19 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa sikila tun 2008, dama ce ta irin wannan taro. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Fagen da ya fi asibiti wuya

Sau da yawa magana da likita ta fi sauƙi a kan magana da kaka. Idan uwar miji ta ce a kira wanzami ya yi wa yaro ƙaho ko tsaga a kan saifa, ƙauna ce ta sa ta, amma zubar da jinin yaron da dama jininsa bai isa ba haɗari ne, ga kuma ƙofar da aka buɗe wa ƙwayoyin cuta. Matar ɗa ba za ta iya cewa a'a ba. Aikin uba ne ya samu mahaifiyarsa cikin ladabi ya ce, "Inna, ki gafarce ni, likita ya hana." Aikinsa ne kuma ya ba matarsa izini tun da wuri cewa duk sa'ar da jikin yaro ya rikice ta fita da shi, ko yana nan ko ba ya nan, ya ajiye kuɗin mota a inda ta sani, ya san mutanen da za a kira idan ana neman jini. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A makaranta ma haka. Ƙodar mai sikila ba ta iya riƙe ruwa kamar ta kowa, shi ya sa yake yawan fita fitsari, yake kuma daɗewa yana fitsarin kwance. Dukansa a kan wannan zalunci ne. Malamin boko da na allo suna buƙatar wanda zai je ya gaya musu cewa yaron nan a bar shi da gorar ruwansa, a bar shi ya fita idan ya nema, kada a tsayar da shi a rana ko a sanyin asuba, kuma idan hannunsa ya fara kasa riƙe alƙalami ko bakinsa ya karkace a aika gida nan take. Idan azumi ya zo kuma yaro ya nace saboda kada sa'o'insa su yi masa dariya, sai a nemi shawarar likitansa, a kuma tuna masa cewa addini ya yi wa marar lafiya rangwame.

Sai maganar zargi. A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure a jihar Kano, har da gwajin jinsin jini. Mataki ne mai kyau, domin idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Amma akwai abin da ya kamata mu kiyaye. Yawan wa'azin rigakafi yana iya sa a fara kallon yaran da aka riga aka haifa kamar kuskuren da ya kamata a ce an kauce wa, kuma yaran suna jin mu. Yana iya ƙara wa uwa nauyin da dama ita ake ɗora wa, alhali yaro ba ya zama SS sai ya gada daga uwa da uba duka biyu. Kuma wannan gado ba la'ana ba ce. Tun 1954 wani masani mai suna Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa masu AS sun fi jure zazzaɓin cizon sauro. Irin da yake wahalar da wannan yaro shi ne ya raya kakanninsa a ƙasar sauro. Tsaya wa yaro ya haɗa da hana a kira shi "ba tabbas" a gabansa, da hana a ce kuɗin makarantarsa asara ne.

Iyakar tsayuwa

Kada a fahimci duk wannan da cewa iyaye su ƙone kansu. A gidan akwai wasu yaran, su ma amana ne. Yarinyar da aka cire daga makaranta don ta riƙa zaman jinyar ƙaninta, ita ma an yafe haƙƙinta ba da yawunta ba. Uban da ya sayar da gonar gado ya bi mai maganin da ya yi alkawarin mayar da SS ya koma AA, ya jefa gidan duka a yunwa a kan abin da ba ya yiwuwa. Uwar da ta shekara ba ta yi barcin kirki ba tana buƙatar mai karɓarta, kuma neman hakan ba gazawa ba ne. Muna cewa ɗa na kowa ne. Gidan mai sikila shi ne inda za a gane ko da gaske muke.

Iyaka ta ƙarshe ita ce yaron kansa. Wanda ake magana a madadinsa yau, gobe zai tafi karatu ko neman kuɗi a garin da ba uwa ba uba. Idan ya taso yana jin ana yi masa magana a kai kamar ba ya wurin, zai isa can ba shi da baki. Tun yana ɗan shekara bakwai ko takwas ya kamata ya san sunan ciwonsa da na magungunansa, a bar shi ya fara amsa wa likita kafin uwa ta cike abin da ya manta. Waliyyin kirki yana riƙe dukiyar maraya ne da niyyar miƙa masa ranar da ya yi hankali, kuma muryar da iyaye suke ara wa ɗansu ita ma haka take.

Ba mu ce a daina cewa "sai haƙuri" ba, domin masu wannan jinya suna buƙatar haƙuri fiye da kowa: na dogon layi, na maimaita bayani ɗaya ga sabon likita karo na goma, na tashi da asuba a nemi motar Kano. Abin da muke roƙo shi ne idan mun je dubiya mu ƙara wata magana a kai. Mu tambaya ko an yi wa yaron gwajin kai na bana. Mu tambaya yaushe ne ranar asibiti, ko akwai mai rakiya, ko akwai mai zama da sauran yaran. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri, Ya kuma ba mu ikon faɗin abin da ya kamata a faɗa a lokacin da zai yi amfani.